Ciwon Baba Da Aurena

Masu karatu, sannunku da jira. Wanda muka taho tare ya san inda muka tsaya, wanda kuma yau ya shigo ya nemi wuri ya zauna, ba zan bar shi a baya ba.

Sunana Halimatussa'adiya, amma ba mai wahalar da bakinsa, kowa Sadiya yake cewa. Mahaifina Alhaji Hammawa dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanun Potiskum, cikin Fulanin nan da suka jingine sanda suka shigo gari, sai dai kunyar ruga ta biyo su har cikin gidan siminti. Mahaifiyata ta rasu ina goye, don haka yayarsa ce ta raine ni, Gogo, wadda in ta yi gyaran murya Baba da kansa yake gyara zama. Wanda nake so kuma Mu'az ne, ɗan unguwar Ngojin. Abin da zan ba ku yau a shekarar casa'in da huɗu ya faru, jiharmu tana sabuwa fil, fetur kuwa sai wanda ya yi sansani a gidan mai.

Shekara shida Mu'az ya yi a Maiduguri yana karatun likita. Lokacin ba waya, sai kaset. Ya ɗauki muryarsa ya ba direban tasha, ni kuma in ja labule in rage ƙarar rediyo in kasa kunne. Rabin kaset soyayya, rabi labarin ƙasusuwan mutum. Na haddace ƙasusuwan tafin hannu tun ban san ko za a ba shi ni ba. Da ya gama ya yi horonsa, gwamnati ta dawo da shi asibitin garinmu. Manyansa suka zo gaisuwa da goro, Baba ya karɓe su hannu biyu, ya ce a ba shi lokaci ya duba yaron. Mutumin da ko ɗan maraƙi ba ya saye sai ya zagaya shi ya buɗe bakinsa, ina ga suruki.

Ranar da Mu'az ya fara zuwa zance a matsayin cikakken likita, Juma'a ce da yamma. Tun azahar nake shiri. Atamfa ruwan ganye mai zanen fanka, ɗaurin ɗankwali ya ƙi zama sai da na yi ta kwancewa ina sakewa, farin gyale, humra kuwa na zuba har Gogo ta tambaye ni ko sauro nake kora. Na shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, na ajiye kunun aya da kofuna biyu. Biyu fa. Ashe labari ya zaga unguwa wai likita zai zo gidan Alhaji Hammawa, ba kati ba layi. Kafin ya jingine babur ɗinsa zauren ya cika da mata, mai goyo, mai dafe da ƙugu, har da wadda ta kawo kwalbar maganin da ta sha bara a duba mata ko har yanzu yana da rai. Ni da na sha kwalliya na koma mai miƙa ruwa.

Gogo ce ta fara, tunda gidan nata ne. Ta zauna gabansa ta miƙe ƙafa, ta naɗe hannun riga ta ba shi dantse.

"To, bismilla. Faɗa min."

"Gogo, me yake damun ki?"

Ta juyo ta yi min kallon nan da nake tsoro tun ina yarinya. Shi kuwa bawan Allah bai lura ba, ya ci gaba da jero tambayoyi: tun yaushe, da safe ya fi ko da yamma, in za ta tashi daga sujada yaya take ji, akwai mai irinsa a dangi. Ya nemi izini ya kama gwiwar, ya lanƙwasa ya miƙar, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma. Daga ƙarshe ya ce shekaru ne da nauyin jiki, ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi, ta bar zama a 'yar kujerar tsugunno, ta riƙa ɗan tattaki, ga ƙwaya in ciwon ya matsa. Gogo ta jira. Ta ƙara jira.

"Allurar fa?"

"Ba kya buƙatar allura, Gogo."

Ta sauke hannun rigarta a hankali. Matan zaure suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, mai kwalba ma ta mayar da kwalbarta cikin zane.

Bayan ya tafi Gogo ta yanke hukunci a tsakar gida, da muryar da za ta kai inda Baba yake alwala. Wai shekara shida ana karatu, kuma sai ita ce za ta gaya masa abin da ke damunta, to me ya koyo? Hammawa dai bai taɓa tambayar sa ina ke maka ciwo ba, kallo ɗaya ya ishe shi. Ga Alphonsus mai kemis na bakin titi, bai yi shekara shida a ko'ina ba, amma kafin ka gama sallama ya fasa kwalba ya zuƙi allura.

"Wannan naki," ta ce, "ɗan jarida ne aka ba shi farar riga."

Baba ya shafa kai ya wanke ƙafa, ya ajiye buta ya wuce. Shirun Baba kuwa ba ya cika zama alheri.

Da Mu'az ya dawo wata Juma'ar, zauren fayau, ba kowa sai ni. Na roƙe shi don Allah ko ruwan gishiri ne ya tsira wa Gogo a zauna lafiya. Ya yi dariya, irin dariyarsa ta ƙasa-ƙasa, ya ce a makarantarsu ba allura ake fara dubawa ba kafin a yarda mutum ya amsa sunan likita, wannan ko wa ka koya wa zai iya. Ana so ka iya sauraron marar lafiya har ya gama, ka iya tambayar da za ta zaƙulo abin da ya ɓoye, sannan ka duba da ido, ka taɓa da hannu, domin sai ka san yadda lafiyayyen jiki yake kafin ka ce wannan ya karkace. Ka san ciwon da zai jira gobe da wanda ba zai kai la'asar ba. Ka san inda saninka ya ƙare, ka tura gaba ba tare da girman kai ba. Abin da ka gani kuma ya mutu a cikinka. Ya ce akwai malaminsu da yake kayar da ɗalibi a jarrabawa don kawai ya rubuta magani bai ɗaga rigar marar lafiya ba.

Na ce duk na ji, amma malamin nan ba shi zai ba shi aure ba.

Ana cikin haka Baba ya fara canzawa. Mutumin da fura ba ta wuce shi sai ya koma kurɓa ɗaya ya ture ƙwarya. Ruwa ma ya rage sha. Ya daina zuwa cin kasuwar Gadaka, wai hanya ta lalace, hanyar da yake bi tun tana burji. Buta kuma ta zama abokiyar tafiyarsa, yanzu ya zaga, ya daɗe, ya fito yana share gumi, an jima kaɗan ya sake ɗauka. Kowa a gidan ya gani, kuma ba wanda ya gani. A irin gidanmu akwai cututtukan da ba su da suna, musamman in a jikin maigida suka sauka.

Da Gogo ta matsa masa, iyakar abin da ya iya ce mata shi ne mararsa tana ɗan yi masa nauyi. Gogo ta kira ni ɗaki ta ce ga dama ta samu, in gaya wa mutumin nawa Baba yana fama da ciwon ciki, ya rubuto magani, in ya warke shi ke nan ya ci jarrabawa. Ni kuma da na zauna gaban Mu'az sai na ji nauyin ambaton cikin mahaifina, na ce ƙirjinsa ne ke ɗan damunsa, da kasala. Kun ga ciwo ya taso daga mara ya hau ciki, daga ciki ya hau ƙirji. Da akwai mutum na huɗu a tsakani, da ciwon kai za a kai wa likita.

Mu'az ya ajiye kofinsa. Ya tambaya ko Baba yana tari, na ce a'a. Yana haki in ya yi tafiya, a'a. Abinci fa, barci fa, na ba shi amsa iya sanina. Sai ya rage murya.

"Fitsari fa, yana fita daidai?"

Na ja gyale na rufe fuska. "Mu'az, Babana ne fa."

Ya ba ni haƙuri, amma ya ce ba zai rubuta magani ga mutumin da bai gani ba, ko da aurensa ne a kan takardar. In Baba yana jin nauyinsa, ya zo asibiti ya ga Dakta Jang, babbansu, dattijo ne mutumin Jos, ba ruwansa da kowa a gari. Na kai saƙo. Gogo ta tafa hannu ta ce ai ta faɗa. Baba kuma ya ce asibiti wurin da ake zuwa ne a yi wa mutum shela, kafin ya karɓi kati duk kara ta ji Hammawa ya kwanta, masu shanu su koma wajen wani dillalin. Aka kira Alphonsus. Shi ma abin da aka ce masa zazzaɓi ne, ya yi allurar zazzaɓi, da ƙaiƙayi ya taso ya ƙara da 'yan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa. Gogo ta raka shi har ƙofa tana sa masa albarka, ta dawo ta dube ni ta ce kin ga yadda ake aiki.

Ranar Laraba, ranar kasuwar shanu, tireloli sun cika titi tun daga bakin gari, kana jin kukan shanu da ihun masu kora daga tsakar gidanmu. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin hantsin Laraba ya samu Baba a gida ba. Ran nan takalmansa suna ƙofar ɗaki. Ina shara na ji wani nishi, irin wanda mutum ke cije haƙori don kada ya fito amma ya fi ƙarfinsa. Gogo ta shiga, ta fito fuskarta ta sauya. Ta aika aka kira Alphonsus. Ya shiga da 'yar jakarsa, bai daɗe ba ya fito, jakar ko buɗe ta bai yi ba.

"Mama," ya ce da Hausarsa, "wannan ba na allura ba ne. Ruwa ya tsaya, ba ya fita. Likita za a kira, yanzu yanzu."

Allah ya saka wa mutumin nan, da kansa ya hau kekensa ya tafi asibiti. Dakta Jang ya tafi taro Damaturu, ba a san dawowarsa ba. Motar da za ta kai mutum wani gari kuwa tana layin mai tare da 'yan'uwanta. Wanda Alphonsus ya dawo da shi dai kun san shi.

Mu'az ya shigo tsakar gidanmu, wurin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, farar rigarsa a naɗe a hammata, jaka a hannu. Ni ina bakin madafa da zanen aiki da tsohuwar rigar Gogo, kaina ba ɗankwali. Duk kwalliyar da na yi masa a duniya, ranar da ya shigo gidanmu haka ya same ni. Bai ma kalle ni ba. Ya cire takalmi nesa da ƙofar Baba, ya tsuguna har ƙasa, ya yi sallama.

Daga ciki Baba ya gane muryar. Nishin ya tsaya cak.

"A ce masa ya koma."

Gogo ta leƙa. "Hammawa, kunya za ka zaɓa ko mutuwa?"

"Mutuwa," in ji Baba, ba tare da ya yi wani dogon tunani ba.

Gogo ta juyo wajen Mu'az. A karon farko na ga ta yi masa magana ba da gatse ba. Ta ce yaro, kai ɗan gari ne, ka san abin da shiga ɗakin nan yake nufi gare ka. Ya ce ya sani. A nan ne ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, gajere. Sannan ya miƙe, ya warware farar rigar ya saka, ya ɓalla maɓallanta har wuya, ya tsaya a bakin labule.

"Alhaji, Mu'az yana waje, ba zai shigo ba. Likita ne yake neman izini."

Wata tirela ta wuce, bangon gida ya yi rawa. Nishin ya dawo, ya fi na da.

"Ka rufo ƙofar," Baba ya ce.

Ba zan ce muku ga abin da ya faru a ciki ba, don ban gani ba, kuma ko na gani ba zan faɗa ba. Abin da na sani, ya leƙo ya nemi tafasasshen ruwa da sabulu da babbar tasa. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana tambaya, na ji Baba yana amsawa, Baban da bai taɓa amsa tambayar yaro ba. Can sai na ji wata doguwar ajiyar zuciya, da hamdala a bayanta, ana maimaitawa. Gogo ta karɓo tasar a rufe da tsumma ta wuce bayan gida da ita, tana tafe tana ɗingishi tana share ido da gefen mayafi. Kafin azahar Baba ya yi barci, har da minshari.

Mu'az ya fito ya cire farar rigar, ya sake tsugunawa ya yi wa ƙofar da ke rufe sallama. Ya ce wa Gogo a daina ba Baba 'yan ƙwayoyin ƙaiƙayin nan, a ba shi ruwa ya sha, zai riƙa zuwa yana duba shi. Gogo ta ce to. Ba ta tambayi allura ba.

Masu karatu, a nan ne na yi wauta irin ta mai so, na ɗauka an gama. Na shiga ɗaki na yi sujada, na fito da akwatin atamfofina ina zaɓen wadda zan sa ranar sa rana.

Kwanaki kaɗan Baba ya miƙe. Ya koma kara da babbar riga mai faɗi, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce zazzaɓi ne ya kayar da shi, yaron nan na Ngojin ya tashe shi. Yabo kuwa ba irin wanda bai yi ba. Wai yaron hannunsa na gado ne, wai ya san abin da ke cikin mutum kamar shi ya zuba shi. Dillalai suka fara tururuwa asibiti suna cewa su likitan Alhaji Hammawa suke so. Sannan ya zaɓi karsana ja, mai kyan tozo, ya sa aka kora ta har Ngojin aka ɗaure a ƙofar gidansu Mu'az. Ni ina ta murna. Maganar aure kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Gogo ce ta zaunar da ni, tana gasa gwiwarta da ruwan ɗumi, a kan doguwar kujera.

"Sadiya, yaron nan likita ne. Na janye maganata."

Na ce alhamdulillahi.

"Shi ya sa ba za ki same shi ba."

Na zuba mata ido. Ta matse tsumma ta ce suruki mutum ne da za ka hango ka sauya hanya, shi ma ya hango ka ya tsuguna ya sunkuyar da kai, a haka ake zama har mutuwa, wannan nisan shi ne mutuncin. To wanda ya ga abin da yaron nan ya gani, in ya tsuguna gaban Hammawa, wane ne zai sunkuyar da kai a cikinsu? Ta ce Baba ba ƙin sa yake ba, son sa ma yake fiye da wasu 'ya'yan dangi. Amma ya rantse ba wani likitan da zai ƙara duba shi, idon mutum ɗaya ya isa. Ya ce likita ɗaya gare shi a duniya, masu neman aure kuwa ba sa ƙarewa. Karsanar nan da nake wa murna, ita ce sallamar.

Na tsare Mu'az a zaure ranar da ya zo duba Baba, da jakarsa a hannu. Na ce ya gaya min me ya gani a ɗakin nan da har zai ci aurena.

"Halimatussa'adiya, ba zan faɗa ba."

In ya kira sunan nan cikakke, to ba wasa. Na ce ko ni? Ya ce ni ce ma ta farko a waɗanda ba zai gaya wa ba. Na ce da ya jira Dakta Jang ya dawo. Ya ce da akwai jira da ya jira. Na ce to ya ji daɗi, ya ci jarrabawar malaminsa, ya ci ta Gogo, ya ci ta Baba, saura ya je ya auri karsana. Ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ƙwala masa kira daga ciki, da fara'a, kamar abokin kasuwa. Ya wuce ya bar ni da ƙamshin maganin asibiti.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, Gogo ta ce Baba ya ce a yi burabusko da miyar taushe da naman rago, likita zai zo. Ta ce kuma ni zan kai. Na ce ni? Ta ce haka ya ce. Na sa leshi ruwan hoda, ban san dalili ba, wataƙila don in za a binne abu a binne shi da mutunci. Na ɗauki akushin Baba, na ɗauki buta da tasar wanke hannu.

Na same su a rumfar ƙofar ɗakinsa. Baba a kan buzu, ya cire hula ya ajiye a gefe, yana ba Mu'az labarin wani bijimi da ya taɓa tsallake katangar kara. Mu'az a gefen tabarma, da farar shadda, ba farar rigar aiki ba. Na durƙusa na ajiye akushi. Baba ya buɗe, tururi ya tashi, ya tura shi tsakiyarsu.

"Zuba wa yayanki ruwa ya wanke hannu. Matso, likita, mu ci."

Yayanki. Kuma akushi ɗaya. Kun sani na sani, duk ƙasar nan ba surukin da ke sa hannu a akushi ɗaya da uban matarsa. Wanda ya ci da kai ɗanka ne ko abokinka. Baba bai iya cewa na fasa ba, ba halinsa ba ne, sai ya dafa maganar ya zuba mata miya ya sa ni na ɗauko ta da hannuna. In Mu'az ya kai loma ɗaya, shi ke nan, an rabu lafiya ba wanda ya ji kunya.

Na ɗaga buta. Na tsayar da bakinta a kan tasa ina jiran hannunsa.

Hannun bai zo ba. Mu'az ya janye jikinsa daga tabarmar gaba ɗaya, ya sauka kan ƙasa da farar shaddarsa, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai har haɓarsa tana taɓa gwiwa.

"Allah ya ƙara girma, Alhaji. Ba zan iya ci a gabanka ba."

Baba ya tsaya da hannu a sama. Ya ce haba likita, a tsakaninsu kuma me ya rage? Mu'az bai ɗago ba, ya ce ai likitan nan a asibiti ya baro shi, yau Juma'a ce.

Na ga Gogo ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. Ruwan butar ya fara zuba a tasa ba tare da na sani ba.

Baba ya daɗe yana kallon ƙeyar yaron. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali.

"To in haka ne, wa zai riƙa duba ni?"

"Ni ne, Alhaji. Abin da ya fi ƙarfina kuma in kai ka wajen wanda ya koya min."

"Ka duba ni da safe, da yamma ka tsuguna min?"

"In ka yarda."

Baba ya kawar da kai. Ya laluba gefensa ya ɗauki hularsa ya saka, ya ja ta har goshi. Ya gyara babbar rigarsa ya rufe ƙafafunsa. Sannan ya juya, shi da buzun gaba ɗaya, ya ba Mu'az baya ya fuskanci bango. Da bangon ya yi magana.

"A ɗauke abincin nan. A aika Damagum, Sule ya zo gobe."

Baffa Sule ƙanensa ne, shi ke ba da auren 'ya'yan gidanmu. Shi ne kuma ake aikawa ya mayar da goron mutane in an fasa.

Na ɗauki akushin da ba a taɓa ba. Mu'az ya ja da baya a tsugune har ya kai inda takalmansa suke. Na riske shi a zaure, shaddarsa duk ƙasa, gumi ya jiƙa masa wuya. Ban taɓa jin zuciyata ta yi sanyi don an juya wa mutum baya ba sai ranar, amma sanyin bai zauna ba, domin mai fushi ma haka yake juyawa. Na ce masa shi da ya iya duba mutum da ido, ya gaya min, wannan juyawar ta Baba kunyar suruki ce ko fushi?

Ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya yi tunani sosai, kamar yadda yake yi kafin ya ba marar lafiya amsa.

"Sadiya," ya ce, "wannan ba a koya mana shi ba."